Daga ina ake fara ƙirga? Yadda na ɗora tambarin Yaya a kan hotunan atamfarta

Goma ga azumi Yaya ta kira ni bayan la'asar, tun daga sallamarta na san akwai magana. Wata mai sayen kayanta ce ta turo mata hoto tana tambaya ko tana da irin wannan atamfar, ta ce a shafin wasu ta gani. Da Yaya ta buɗe sai ta ga hotonta ne, wanda ta ɗauka da hannunta a tsakar gida, har gefen tabarmarta ya fito a ciki. An kwashe shi an manna masa wani farashi daban.

"Auta, kai da kake zaune da kwamfuta dare da rana, babu yadda za a yi a sa sunana a jikin hotunan nan?"

Na ce, "Akwai, Yaya. Guda nawa ne?"

Da muka kwafe su daga wayarta zuwa kwamfutata sai ga hotuna 340.

Yaya tana saro kaya daga Kantin Kwari tana sayarwa a gida: atamfa, leshi, shadda da mayafai. Ba ta da shago, hoton nan shi ne shagonta. Yawancin masu sayen kayanta matan aure ne da suke zaɓe ta waya, a kai musu har gida. Kuma lokacin ya matse, domin azumi na rabawa teloli za su fara cewa sun rufe karɓar ɗinkin Sallah, wadda ba ta sayi kaya kafin nan ba ta makara. Tambari kuwa tana da shi, wani yaro ya zana mata tun bara: sunan sana'arta da farin rubutu mai baƙin gefe, a fayil ɗin PNG wanda bayansa babu launi.

Da manhajar waya za a iya yi, amma ɗaya bayan ɗaya, ana jan tambarin da yatsa. Hoto 340 a haka aikin kwana da kwanaki ne, kuma ba za a samu biyu da tambarin ya zauna wuri ɗaya ba. Sai na ɗauko ImageMagick. Tsohuwar manhaja ce, John Cristy ya fara rubuta ta a 1987 yana aiki a kamfanin DuPont, aka sake ta ga jama'a a 1990, kuma har yau kyauta ce. Ba a jan komai da linzami a cikinta. Umarni ake rubuta mata a layi ɗaya, ta aiwatar. Na taɓa rage girman hotuna da ita, amma ban taɓa ɗora wani hoto a kan wani ba.

Bayan tarawih na zauna, na ware hoto ɗaya na gwaji, wata atamfa mai ruwan ganye da manyan furanni. Faɗinta ɗigo 4000, tsayinta 3000. Ɗigo nake nufi da fiksel, wato ƙananan ƙwayoyin launi da suke haɗuwa su zama hoto. Tambarin kuma 600 ne a faɗi, 200 a tsayi.

Gwajin farko ya ba ni wani ɗan mitsitsin hoto mai girman tambarin, cike da gefen atamfa, babu ko alamar rubutu. Dalilin shi ne misalin da na bi na tsohon umarni ne mai suna `composite`, wanda ake fara ambatar hoton sama sannan na ƙasa. Shi kuwa `magick` na sigar 7, idan ana amfani da `-composite`, hoton ƙasa ake fara kira, na sama ya biyo baya, kuma sakamakon yana ɗaukar girman na ƙasan. Ni atamfar na ɗora a kan tambari, ta rufe shi ruf. Na juya su:

`magick atamfa.jpg tambari.png -composite sabo.jpg`

Tambari ya fito, maƙale a kusurwar sama ta hagu, ya manne da baki kamar an tura shi bango. Yaya kuwa a ƙasa take so, da ɗan fili tsakaninsa da gefen hoto. Abin da ake matsar da shi da shi sunansa `-geometry`, ana ba shi lamba biyu, ta farko ta kwance, ta biyu ta tsaye. Na rubuta `+80+80` ina sa ran zai zauna a ƙasa ta hagu, domin a darasin lissafi haka aka koya mana zana jadawali: sifiri yana ƙasa ta hagu, lamba na ƙaruwa ana hawa sama. Tambarin ya matso 80 daga hagu, ya sauko 80 daga sama.

A nan na fara gane cewa hoto a kwamfuta yana da nasa mafarin ƙirga. Sifirinsa yana kusurwar sama ta hagu. Lambar kwance tana ƙaruwa zuwa dama, ta tsaye tana ƙaruwa zuwa ƙasa. Wannan gado ne daga tsofaffin talabijin masu ƙaton baya, waɗanda hasken cikinsu yake zana hoto layi-layi, ya faro daga hagu zuwa dama, ya sauko layi na gaba, kamar yadda ake karatun boko. Wanda ya fara da allo ya san akwai wata hanyar, domin shi daga sama ta dama yake faro rubutu. Kowane tsari da inda ya ajiye mafarinsa, kuma ko a cikin kwamfuta ba a haɗu a kan ɗaya ba: a fayil ɗin PDF sifiri a ƙasa ta hagu yake, kamar na darasin lissafi.

To, tunda haka ne, kusurwar ƙasa ta dama ita ce 4000 da 3000. Na cire 80 daga kowanne, na rubuta `+3920+2920`. Abin da ya fito ɗan guntun harafin farko ne kawai yana leƙowa, sauran ya faɗa wajen hoto. Na jima ina kallonsa kafin na ɗauko takarda na zana akwati babba da ƙarami. Ashe tambayar biyu ce. Akwai daga ina ake ƙirga a hoton ƙasa, akwai kuma wane sashe na hoton sama ne ake ajiyewa a wannan wurin. Amsar ta biyun ita ce kusurwarsa ta sama ta hagu. Ni kunnen tambarin na hagu na kafa a inda nake so wutsiyarsa ta ƙare. Dole sai an cire girman tambarin ma: 4000 a cire 600 a cire 80, saura 3320. Sannan 3000 a cire 200 a cire 80, saura 2720.

`magick atamfa.jpg tambari.png -geometry +3320+2720 -composite sabo.jpg`

Ya zauna daram. Na ji daɗi sosai a daren nan, na sa umarnin ya bi duk hotunan, na kwanta.

Da asuba bayan sahur na buɗe su ina dubawa, sai na tarar kusan hoto 90 babu tambari ko kaɗan. Manhajar ba ta yi ƙorafin komai ba, ta fitar da su lafiya lau. Da na auna su da `magick identify` sai na ga ba girmansu ɗaya da sauran ba. Waɗannan 'yarta ce ta ɗauka da tata wayar ta turo mata ta WhatsApp, suka iso a matse, 1280 a faɗi, 960 a tsayi. Wurin da na ce a ajiye tambarin, 3320, ya wuce ƙarshen hoton da nisa. An ɗora shi ɗin, amma a inda babu hoto. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan kuskuren da yake fitowa da jan rubutu, domin da ban duba ɗaya bayan ɗaya ba, da haka za su tafi.

Maganin wannan shi ne `-gravity`. Ni na ɗauke shi kamar turke: shi yake faɗin inda aka ɗaure, lambobin `-geometry` kuma su ne tsawon igiyar. Turaku tara ne, an sa musu sunayen jihohi kamar a taswira, sama arewa, ƙasa kudu, dama gabas, hagu yamma, sai tsakiya. Kusurwar ƙasa ta dama ita ce kudu maso gabas, `SouthEast`. Idan ba ka faɗi komai ba, ana ƙirga ne daga arewa maso yamma, inda tambarin ya fara maƙalewa tun farko.

Na sake yin tuntuɓe ɗaya a nan, kuma ina ganin duk wanda ya biyo ta hanyar da na biyo zai yi shi. Na riga na sa a raina cewa lamba mai ƙari tana tafiya dama da ƙasa, don haka idan ina so tambarin ya matso ciki daga kusurwar ƙasa ta dama, sai in ba shi ragi. Na rubuta `-80-80`. Sai ya fice waje, harafin ƙarshe da gindin rubutun suka yanke. Ashe da an canza turke, alƙiblar ƙirgar ma ta canza. A kudu maso gabas, ana aunawa ne daga gefen dama zuwa hagu, daga ƙasa zuwa sama, kuma gefen tambarin na dama da na ƙasa ake auna wa. Ƙari yana shigo da shi ciki, ragi yana fitar da shi. Wato lissafin nan da na yi a takarda, faɗin hoto a cire faɗin tambari a cire tazara, shi manhajar take yi da kanta, ga kowane hoto da nasa girman.

`magick atamfa.jpg tambari.png -gravity SouthEast -geometry +80+80 -composite sabo.jpg`

Yanzu tambari ya fito a kan kowane hoto, amma ba da fuska ɗaya ba. A manyan hotunan ya ci kashi 15 cikin 100 na faɗi, a ƙananan ya kusa cin rabi. Tazarar 80 ɗin ma haka: a kan 4000 siririn fili ce, a kan 1280 gibi ce babba. Ɗigo ba ma'auni ba ne kamar inci a tef ɗin tela, girmansa a ido ya danganta da yawan 'yan'uwansa a hoton. Akwai hanyar sa manhajar ta lissafa kaso bisa girman kowane hoto, amma na ga abin da ya fi sauƙi, kuma ya fi amfani ga Yaya, shi ne in mayar da duk hotunan faɗi ɗaya kafin a ɗora komai. Na zaɓi 1080, wanda shi ne faɗin da Instagram ya saba da shi, kuma ya ishi allon waya. Hoton ya yi sauƙin turawa, bai cin data.

Sai dai `-resize` yana aiki ne a kan duk hoton da aka riga aka kira kafin shi. Idan ka rubuta shi bayan sunan tambari, shi ma tambarin zai kumbura ya kai 1080. Don haka ana rage hoton ƙasa tun kafin a kira na sama, shi kuma na saman a killace shi da nasa gyaran a cikin baka biyu, yadda abin da aka yi masa ba zai taɓa ɗan'uwansa ba. ImageMagick tana karanta umarni ne daga hagu zuwa dama, tana aikatawa a jere. Inda ka ajiye kalma a layin yana da muhimmanci kamar kalmar kanta.

Wanda ya fi cinye min lokaci shi ne na hotunan tsaye. Duk hoton da Yaya ta ɗauka da waya a tsaye, sai tambarin ya fito a ƙasa ta hagu, kuma a kishingiɗe, ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Umarni ɗaya ne da na sauran, lambobi ɗaya. Na sake dubawa har sau uku ban ga kuskure ba. Sai da na tambayi manhajar girman ɗaya daga cikinsu ta ce min 4000 a faɗi, 3000 a tsayi, alhali ido na ganin hoto dogo. A nan asirin ya tonu. Wayar ba ta juya ɗigon hoton idan an ɗauka a tsaye. Tana ajiye shi a kwance yadda na'urar ɗaukar take, sai ta rubuta 'yar sanarwa a cikin bayanan da ke ɓoye a fayil ɗin, waɗanda ake kira EXIF, cewa duk mai nuna hoton nan ya juya shi. Sanarwar lamba ce daga 1 zuwa 8. A hotunan Yaya 6 ce, ma'ana a juya shi rubu'in zagaye ta hannun dama. Ni na ɗora tambarin a kan hoton yana kwance, mai nunawa ya zo ya juya su tare, kusurwar ƙasa ta dama ta koma ƙasa ta hagu. Waɗanda suka biyo ta WhatsApp ba su da wannan matsalar, sun iso a juye tun daga can.

Gyaran kalma ɗaya ce, `-auto-orient`, amma dole ta zo nan take bayan sunan hoton, kafin ragewa, kafin komai. Tana juya ɗigon da gaske, ta mayar da sanarwar daidai.

Buɗe bayanan EXIF ɗin nan ya nuna min wani abu da ya tayar min da hankali fiye da satar hoto. A cikin wasu hotunan akwai lambobin wurin da aka ɗauke su, wato gidan Yaya, inda take zaune da 'ya'yanta. Manyan shafuka sukan goge wannan idan an ɗora hoto, amma akwai masu sayen da take tura wa hoto a matsayin fayil don kada ya dushe, kuma a haka yana tafiya da komai nasa. Na yanke shawarar goge bayanan. Akwai `-strip` da yake share duka, sai dai yana haɗawa da bayanin launi, kuma ga mai sayar da atamfa launi shi ne amana: idan ja ya fito wani iri a waya, kaya sun je sun dawo. Sai na yi amfani da `+profile '!icc,*'`, wanda yake cire komai ya bar na launin kaɗai.

Ranar sha uku ga wata na ɗauki kwamfutar na tafi gidanta shan ruwa. Na nuna mata hoton atamfar mai ruwan ganye, tambari a kusurwa, tazara 30 ta kowane gefe a sabon girman. Ta karɓa ta matso da shi kusa da fuskarta, ta ɗan karkata kai.

"Auta, wannan bai daidaita ba. Filin dama ya fi na ƙasa yawa."

Na ce, "Yaya, lamba ɗaya na ba su."

Ta ce, "To lambar taka ce ɗaya, filin ba ɗaya ba ne. Duba ka gani." Ta ɗora farcen babban yatsanta a ƙasa, ta ɗauke shi ta ɗora a dama. Gaskiyarta. Mace ce da ta yi shekaru tana ɗinki kafin ta koma sayar da kaya, idan kalmasa ta karkace da rabin inci tana gani daga ƙofar ɗaki.

Laifin ba na lambobin ba ne, a jikin tambarin yake. Wanda ya zana shi ya bar fili marar launi kewaye da rubutun, kuma bai bar shi daidai ba. Ido ba ya ganin wannan filin, amma manhajar tana ƙirga shi a matsayin jikin hoto. Na sa `-trim` ya yanke shi, sannan na auna. Amsar ta fito kamar haka: `490x150 600x200+40+25`. Wato ainihin rubutun 490 ne da 150, yana zaune a cikin fili mai 600 da 200, ya faro daga 40 ta hagu da 25 ta sama. Idan ka lissafa, 70 ya rage a dama, 25 a ƙasa. Bambancin da farcen Yaya ya auna ke nan.

Wannan dogon rubutun yana nuna wani abu kuma: ko bayan an yanke, hoton yana riƙe da tarihin inda yake a tsohon filinsa, kuma PNG yana iya adana wannan tazarar a cikin fayil. Akwai umarnin da suke aiki da ita, irin su `-flatten`, wanda yake jera hotuna bisa wannan ɓoyayyiyar tazara, ba bisa `-geometry` ba. Don kada ta biyo ni gaba, na goge ta da `+repage`, na adana sabon tambari tsaftatacce:

`magick tambari.png -trim +repage tsaf.png`

Muna cikin haka mijinta ya shigo, ya leƙa allon, ya faɗi maganar da ta sauya aikin gaba ɗaya. Ya ce wanda ya iya kwashe hoto ai ya iya yanke kusurwa. Atamfa kuwa zanenta maimaituwa yake, ko an datse ƙasan hoton babu wanda zai san an taɓa. Yaya ta ce ai shi ya sa masu yin atamfa suke buga sunansu a bakin zanen tun daga farkon turmi har ƙarshe, duk inda ka yanka sai ka same shi. Muka tsaya a kan a sa guda biyu: ƙarami mai ƙarfi a kusurwa, da babba shara-shara a cikin jikin hoton, inda yanke shi zai lalata hoton.

Shara-sharan yana samuwa ne ta wani sashe na huɗu da hoton PNG yake da shi bayan ja, kore da shuɗi, wanda ake kira alfa. Shi yake faɗin yadda kowane ɗigo zai rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1970, sannan a 1984 Thomas Porter da Tom Duff, suna aiki a Lucasfilm, suka tsara ƙa'idojin haɗa hotuna da shi, waɗanda har yau su ake bi. Wadda `-composite` yake amfani da ita idan ba a ce masa komai ba ita ce ta ɗora wannan bisa wancan, kuma lissafinta a kan hoto irin namu mai sauƙi ne. Na rage ƙarfin tambarin zuwa kashi 55. A ma'aunin haske da ya faro daga 0 (baƙi) zuwa 255 (fari), inda farin rubutu mai darajar 255 ya hau wuri mai duhu mai darajar 60, ana ɗaukar kashi 55 na 255, a haɗa da kashi 45 na 60, a samu kusan 167. Rubutun yana karantuwa, zanen atamfar yana leƙowa ta cikinsa.

Saura inda zai zauna. Tsakiya cak Yaya ta ƙi, domin tana shimfiɗa atamfa ne yadda babban furen zai faɗo a tsakiyar hoto, shi mai saye take fara kallo. Na buɗe wani hoton tsaye mai 1080 da 1440 a manhajar gyaran hoto ta GIMP, wadda take nuna lambobin inda linzami yake a ƙasan taga. Na ce ta nuna min wurin da take so. Ta ɗora yatsa ƙasa da furen, na kai linzamin wurin, lambar tsaye ta nuna 980. Tsakiyar hoton 720 ce. Bambancin 260.

Da turken `Center`, tsakiyar tambari ce ake haɗawa da tsakiyar hoto, daga nan ƙari yana tafiya dama da ƙasa, kamar na asali. Don haka `+0+260`. Da a ce `South` na zaɓa, ƙari a lambar tsaye sama zai hau. Na tabbatar da lissafin a takarda kafin in saki: tambarin da aka rage zuwa faɗin 360 tsayinsa 110, zai faro daga 360 ta hagu da 925 ta sama, tsakiyarsa ta faɗa 980 daidai. A hotunan kwance masu tsayin 810 kuwa, gindinsa zai tsaya a 720, saura 90 kafin baki. Ya shiga.

Da na ƙara ƙaramin tambarin a layin, sai ya fito kusa da tsakiya, a kan furen da muke ta karewa. Turke ba ya tashi da kansa. Da zarar ka kafa `-gravity` yana nan har sai ka sauya shi, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan zai ƙirga. Tun daga ranar, duk inda zan rubuta `-geometry` sai na rubuta `-gravity` a gabansa, ko da bai canza ba. Ga yadda layin ya ƙare:

```
for f in asali/*.jpg; do
  magick "$f" -auto-orient -resize 1080x \
    \( tsaf.png -resize 360x -channel A -evaluate multiply 0.55 +channel \) \
    -gravity Center -geometry +0+260 -composite \
    \( tsaf.png -resize 200x \) \
    -gravity SouthEast -geometry +30+30 -composite \
    +profile '!icc,*' -quality 88 "gamamme/$(basename "$f")"
done
```

Sababbin hotunan a wata jaka daban suke sauka, na asali ba a taɓa su. Wannan ya cece ni sau da yawa a kwanakin nan uku, domin duk gwajin da ya lalace sai dai in share jakar in sake, kuma ko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki babu abin da aka rasa.

Na saki umarnin ana kiran magariba. Kafin mu gama da kunu da ƙosai ya kammala. Bayan isha'i muka zauna ni da Yaya da 'yarta muka bi su ɗaya-ɗaya. Fararen shadda kusan talatin sai da aka sake musu, saboda farin rubutu shara-shara a kan farin yadi baƙin gefensa kawai ake gani. Na juya launin tambarin ya zama mai duhu, na bi da su daban.

'Yar tata tana karatun kwamfuta, ta fara koyon Python, wani yaren rubuta manhaja. Ta ce, "Kawu, idan sababbin kaya suka zo kuma kana wurin aiki fa?" Sai muka sake rubuta aikin da Pillow, tarin kayan aikin sarrafa hotuna na Python, don ta riƙa yi da kanta. A can babu turke ko ɗaya, kusurwar sama ta hagu ce kaɗai, sauran lissafin naka ne:

```
hoto = ImageOps.exif_transpose(Image.open(suna))
x = (hoto.width - tambari.width) // 2
y = (hoto.height - tambari.height) // 2 + 260
hoto.paste(tambari, (x, y), tambari)
```

Bayan layin farko ake rage hoton zuwa 1080, sannan a yi lissafin. Rabawar da alama biyu ake yi don amsar ta fito cikakkiyar lamba, domin babu rabin ɗigo. Tambarin kuma sau biyu ake ambatarsa a layin ƙarshe: na farko shi ne abin da za a manna, na biyun shi yake faɗin inda ya kamata a bar atamfa ta fito. Da ta manta na biyun a gwajinta na farko, rubutun ya zo a cikin baƙin akwati. Ta gano dalilin da kanta kafin in buɗe baki, ta kuma ɗauki takardar nan da na zana akwati babba da ƙarami ta liƙa a bangon littafinta.

Hoto ɗaya ne ya ƙi bin tsarin. Wani leshi ne da Yaya ta ɗinka wa ƙaramar 'yarta, ta ɗauke ta a tsaye daga kafaɗa zuwa ƙasa don a ga yadda yake zama a jiki, sai babban tambarin ya sauka a kan hannayen yarinyar, ya rufe lallen da aka yi mata. Yaya ta ce wannan kam a saukar da shi kan siket ɗin. Ta sake ɗora yatsa, lambar ta nuna 1180, na cire 720, na rubuta `+0+460`. Shi ta fara ɗorawa a daren.